Ubale da Faffaɗan Rim

Ubale mai facin taya ne a bakin titin Akwanga, ɗan Angwan Iya, amma da kansa ya rubuta Injiniya a allon rumfarsa. Ya gaji sana'ar daga kawunsa, mutumin da bai taɓa cika baki ba. Shi kuwa Ubale bakin ya fi hannun aiki.

Wata shekara ya ga hoton motocin 'yan gayu a waya, an ja siririyar taya an ɗora a kan faffaɗan rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, gefenta a kwance kamar an matsa wa ƙato hular yaro. Tun daga nan ya ce shi ma ya iya.

Wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ne Boaz, direban da ke jigilar doya daga Garaku. Rim ɗin motarsa na baya sun lanƙwashe, Ubale ya samo masa wasu masu faɗi, ya ja tsofaffin tayoyin da ƙarfin tsiya har suka hau.

Boaz ya ja baya ya dubi motar. "Oga, bayan nan ya yi ƙasa fa."

"Idonka ne," in ji Ubale. Ya tsuguna ya nuna lambar da ke jikin tayar. "Karanta. Gaba da baya lamba ɗaya. Lamba ɗaya, tsayi ɗaya."

Ko mai tallar gyaɗa ya san in ka buɗe ƙafafunka tsayinka zai ragu. Lambar nan an buga ta ne don rim daidai da tayar. Da aka baje ta, faɗi ya ƙaru, tsayi ya ragu, lissafin ya tashi daga aiki. Ubale dai ya riƙe lambarsa kamar aya.

Ranar kasuwa Boaz ya yi lodi. Bai yi nisa da Garaku ba ya faɗa rami, bakin tayar ya zame daga rim, iska ta fice gaba ɗaya. Motar ta zauna a gefen titi, doya ta watse cikin ciyawa. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni.

Da Boaz ya zo da tayar a kan acaɓa, Ubale ya juya ta, ya sake karanta lambar a hankali.

"Doyar ce ta yi nauyi," ya ce.

Boaz ya ɗauki tayarsa ya tsallaka titi wurin wani mai facin. Ubale yana nan har yau, yana bayani ga duk wanda ya tsaya shan inuwa.