Hannun da Kaka Ta Zaɓa

Warin man zafi ne ba na so har yau. Da na shaƙe shi sai bayana ya riƙe, in ji kamar ana kirana daga ɗakin Kaka.

Ita ta koya mini ɗaukar tulu ina 'yar shekara bakwai, a gidanmu na Zandam. "Durƙusa, 'yar nan, ba da baya ake ɗagawa ba. Ja numfashi, ki yi bisimilla, sannan ki miƙe." Na kuwa iya. Da na sani, da na yi ta fasa tulunan.

Daminar da na gama sakandare a Birnin Kudu, Kaka ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Maɗori ya zo daga Gwaram ya yi nasa, amma aka ce ba za ta ƙara tashi da kanta ba. Baba ya ɗaga ta, ta ƙwalla ihu. Inna ta gwada, Kaka ta ce an sungume ta kamar buhun dawa. Ni na zura hannu ƙarƙashin hammatarta, na jira ta ja numfashi, muka miƙe tare. Shiru. Gida duka aka hau sa mini albarka. Ina gaya maka, irin wannan albarkar abin gudu ce.

Ana yankan gero takardar makarantar koyon jinya ta iso daga Kano. Baba ya ce, "Ni ban hana ki ba. Amma wa zai riƙa ɗaga ta?" Na koya wa Inna, na koya wa Gwaggo. Ihun dai bai fasa ba.

Rannan da hantsi na dawo daga rijiya da wuri, na leƙa ɗakin. Ga Kaka a tsaye, ta dafa bango, tana laluben goro a faifai. Muka haɗa ido.

Na ce, "Na gan ki."

"To je ki faɗa mana." Ta lallaba ta zauna. "In kin tafi, wa zai ƙara shigowa ɗakin nan ya zauna da ni?"

Ban faɗa ba. Kada ka tambaye ni dalili.

Shekara huɗu ke nan. An shimfiɗa kwalta, motocin Kano suna ta kaiwa da komowa, 'yan ajinmu suna zuwa gida hutu da fararen kayan asibiti. Takardata tana ƙasan akwati. Kullum da safe in zura hannu, ta ja numfashi, mu miƙe tare. Ta san na sani, kuma duk nauyinta take sakar mini.