Baba Iorwuese da Aladun Inna Mngohol

Tun rana ba ta yi zafi ba, Baba Iorwuese yake zagaya garken aladun makarantar koyon noma ta garinmu, kusa da Gboko. Kowane alade sai ya danna masa babban yatsa a gadon baya, ya gane ko abin da ya ci ya zama nama ko kitse. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, watan gobe zai ajiye aiki.

Ni ganau ce a kan alherinsa. Ƙanwar mahaifiyata, Inna Mngohol, mijinta ya rasu ya bar mata aladu shida, manya da ƙanana, da su take riƙe gida. Ta yi ta ɗura musu rogo da tsakin masara har suka yi ɓul-ɓul. Mahauci ya yanka ɗaya, ya tarar da kitse fari fat. Ya tambaye ta ko sabulu za ta haɗa, ya fasa sayen sauran. Inna ta ce ta bar kiwo, gidan iyayenta za ta koma.

Da labari ya kai wa Baba, sai ga shi a kan kekensa. Ya bayyana mata cewa rogo ƙarfi kawai yake bayarwa, abin da jiki bai ƙona ba sai ya ajiye shi kitse. Ya ce ta rage rogon, ta ƙara waken suya da aka matse mansa, don mai idan ya yi yawa kitsen yakan yi ruwa-ruwa.

Inna ta ce, "Baba, 'ya'ya biyar na raina, ni za a koya wa ciyarwa?"

Ya yi dariya. "Mama, su 'ya'yan naki rogo kaɗai suka ci?"

Ta ɗauko kwanon awo. Wata biyar yana zuwa duk Asabar, yana auna wa ƙananan aladun abinci tare da ita. Da suka isa yanka, mahaucin nan da ƙafarsa ya dawo, ya kwashe uku.

Baba, kai ne malamin da ba shi da allo, kai ne ka hana gidan nan watsewa. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Duk wanda ya iya wani abu a garin nan, ya kai wa maƙwabci kamar yadda ka yi. Inna ma ta fara: mata huɗu take koya wa awo, kuma ta fi ka faɗa.