Karan Lissafina a Wutar Kaka

Duk wanda ya ce kaka ba ta ɓata wa jika rai, bai zauna da tawa ba. Shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa, ajinmu rumfar zana ce, kowa na zaune kan buhun da ya zo da shi daga gida, ɗan allo a kan cinya. Da safe mu bi layi a duba farce, mu rera haruffa har maƙogwaro ya bushe, da hantsi a shiga lissafi. Lissafin nan kuwa da kara ake yinsa. Malamarmu, Madam Zuwera, ta ce kowa ya yanko sillen karan dawa, ya daidaita tsawonsu, ya ɗaure goma-goma da roba. In ta ce uku a ƙara biyu, sai ka jera karanka a ƙasa ka ƙirga. Wanda ba shi da kara sai zaman kallo.

Ni a ɗakin Kaka nake kwana, mahaifiyar Baba. Lokacin ɗari, in an ci tuwo, sanyin tabki ya fara shigowa gari, sai ta hura wuta a tsakar ɗakin, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta, ta buɗe bakin tatsuniya. Ba abin da nake so a duniya kamar zaman nan, har ranar da na leƙa wutar na ga karan lissafina ke ci, robar na narkewa tana wari.

Na yi kuka, na yanko wasu, na ɓoye su bayan randa. Kwana kaɗan Kaka ta lalubo su, su ma suka bi ƴan'uwansu. Da na sake zuwa aji hannu rabbana, Madam ta nuna ni da alli ta ce, “Ramatu, in kin kuma, ki koma gida ki zo da babanki.” Baba direba ne a hanyar Ɗan Issa, da ƙyar Inna ta shawo kansa ya yarda aka sa ni, kuma tun ranar farko ya gindaya sharaɗi: ranar da aka kira shi lakwal saboda ni, ranar na gama.

Karo na uku na yanka kara har ya tsaga mini yatsa. Na hau turmi na soke ɗaurin a cikin jinkar ɗaki, ina ganin na yi dabara. Ashe nan ne Kaka ke ajiye karan hura wuta don kada awaki su cinye. Da magariba na shigo na ji warin roba, sai kawai na zube na kurma ihu.

“Ke ƴar lakwal, mi ya yi zahi?” in ji Kaka, tana gyara itace hankali kwance. “Kara ya ƙare a ƙasar Maraɗi? Zamna ki ji. Ga ta nan, ga ta nanku, har da mai kumbura baki.”

Sauran yara suka amsa. Ni ko na kau da kai.

Ta ce wai an yi wani tsohon zalɓe a bakin tabki, wanda a zamaninsa ba kifin da ke giftawa gabansa ya tsira. Da tsufa ya zo, sai ya riƙa kai baki cikin ruwa yana fito da tsinke, ya jefar, ya sake kai baki ya fito da ganye. Ƙananan tsuntsaye suka yi ta dariya. Shi kuwa sai ya ɗaga wuya ya ce shara yake yi musu, tabkin ya yi datti. Kullum haka, yana ramewa yana cewa shara. Cikin jikokinsa akwai wata ƴar ƙarama da ta zuba masa ido, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tambaye shi komai ba. Duk inda ta ga kifi, sai ta je ta kaɗa fiffike a kan ruwan wurin, kamar wanka take. Tsoho ya ji motsi, ya kai baki, ya kama. Har ya bar duniya yana yi mata faɗa wai ta cika wasa da ruwa. “Ƙurunƙus,” Kaka ta ce, “kan kusu ya yi muna kaɗan yau, ku ɗauki dankali.”

Haushi ya kusa kashe ni. Gobe za a kore ni daga lakwal, ita tana ba ni labarin tsuntsu! Na ce, “Ina ruwana da zalɓe? Ni karana nika so!” A gidanmu kuwa ba a ɗaga wa Kaka murya. Na zaci Inna, wadda ke tsaye bakin ƙofa da kwano a hannu, za ta kai mini ranƙwashi. Ba ni ma take kallo ba. Fuskar Kaka ta zuba wa ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta fita.

Kaka ta miƙe tana gunaguni, ta dafa bango, ta je ta zaro kara daga dangar ɗakinta, dangar da ko jingina ba ta bari mu yi. Ta zauna tana karyawa da hannu tana miƙo mini. Wani ya kai tsawon ludayi, wani bai fi ɗan yatsa ba. Na ce ba haka Madam ta ce ba, ta ce Madam ɗin ta zo ta yanka da kanta. Can sai ga Inna ta dawo da marfin kwalbar lemo guda biyu, ta huda su da ƙusa, ta zura a robar ɗaurin. Ta ce da ni, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata, “Don in sun hwaɗi a hanya ki ji.” Kaka ta karɓa ta girgiza kusa da kunnenta, ta taɓe baki. “Ashe rawa aka koya muku a lakwal ɗin.”

Washegari Madam ta ɗaga mafi tsawon karan ta tambaya ko na lissafi ne ko na korar awaki. Aji ya fashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na jera uku, na ƙara biyu, na samu biyar, kuma ba a kira Baba ba. Daga ranar karana bai sake shiga wuta ba. In Kaka ta laluba ta ji kacau-kacau, sai ta janye hannu ta ci gaba da zancenta kamar ba a yi ba.

Bayan damina biyu yanar ido ta rufe idanunta fari fat, mu ke jan hannunta. Ko a lokacin cewa take hayaƙi ne ya dame ta.

Yau ni ce Madam, ina da ajin farko a wani ƙauye kusa da Gabi, kuma har yanzu in na tuna sai haushin ya taso. Me zai rage ta da shi in ta ce, “Ramatu, ba na gani”? Sai da ta ƙone mini kara sau uku, ta kusa raba ni da lakwal, sannan ta kawo zalɓe ya faɗa a madadinta. Inna ce kaɗai ta ji abin da aka ce a ɗakin nan.

Kwanan baya ina gyaran aikin yara da yamma, na miƙar da littafin can nesa da idona ina tsaki, ina faɗan yaran yanzu ba su iya rubutu da girma ba. Ƴata ta tashi ta ɗauko fitila ta ajiye kusa da ni, ta ce wai ita ce ke neman allurarta a wurin. Na buɗe baki zan ce wa ya aike ta, sai na rufe. Na matso da fitilar kaɗan, na ce ta nema da kyau.