Malam Gide da Zumar da ta Sauka Gidan Suwaibatu

Kakana Malam Gide bai taɓa mallakar saniya ba, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi makiyayi ne. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana rataya amya a dajin bayan Ruwan Godiya, a kan ɗorawa da kaɗanya da marke, ƙudan zuma na shiga suna yi masa aiki. Mu jikokinsa Baba Tsoho muke ce masa. Ni ce Zulaihatu, babbar cikinsu, wadda yake cewa bakinta aka fara haifa kafin sauran jikin ya biyo baya.

Da hannunsa yake saƙa amya. Ya yanko gamba ya naɗe ta doguwa kamar ganga, ya yaɓe cikin da kashin shanu, ya shanya, sannan ya turara ta da tsohon kakin zuma da wasu saiwoyi har ƙamshin ya kama ta. Sauran masu wannan sana'a in za su ɗebi zuma wuta suke sa wa amya, su ƙone masu gida su kwashe dukiyar. Shi hayaƙi kawai yake busa musu, kuma ko yaya saƙar ta yi kyau sai ya bar musu rabonsu. Ina ƙarama nakan tsaya ina kallon ƙuda na yawo a wuyansa da gemunsa, shi kuwa yana ta hirarsa, in rasa ko mutum ne ko wani abu daban.

Sai daji ya gagari shiga. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk ɗan yankinmu ya san abin da ya taso mu. Muka dawo gefen garin Faskari, unguwar da baƙi irinmu suka cika, wasu daga wajen Sabuwa, wasu daga wajen Ƙanƙara. Amya arba'in da biyu Baba Tsoho ya baro a kan itatuwa. Ya koma zama gindin dogon yaro da carbi a hannu, jifa-jifa yana ɗaga kai ya dubi sama. Tausayinsa ya riƙa kama ni, don haka na ƙara yawan tsokanarsa.

Tunda gona ta yi nisa, kowace mace ta mai da tsakar gidanta gona. Kuɓewa a bayan ɗaki, yakuwa da rama a jikin danga, tattasai a tsohon bokiti, zogale da gwaiba da lemun tsami duk inda aka sami taki ɗaya. Uwa uba kabewa, don ba ta cin wuri, rumfa take hawa ta yi yaɗonta, kuma in ta ƙosa takan kai mutum har rani yana miyar taushe. Ga wanda ba shi da rumbu, wannan ba abin wasa ba ne.

A daminar shekararmu ta uku na shiga gidan maƙwabciyata Suwaibatu, aminiyata tun muna 'yan mata. Na tarar rumfarta ta yi shar, 'ya'yan kabewa ƙanana kamar ƙwan zabo sun fito birjik. Daɗi ya kwashe ni. Na ɗaga yatsa ina ƙirgawa, ina cewa ranar ɗiba sai ta nemo amalanke.

Ta kaɗe mini hannu. "Ke Zulai! Da yatsa? Ko tubarkalla babu?"

Gaskiyarta. Kowa ya san 'yar kabewa ba a nuna ta da yatsa, sai dai da haɓa ko da dunƙulen hannu. Ni ma na sani, rawar kai ce ta sa na manta. Muka yi dariya, na fita.

Kwana huɗu, 'ya'yan nan suka yi rawaya, suka yanƙwane, suka zube ƙasa. Aka shiga wani makon, na gidan gaba suka zube. Can na gidan baya. Har nawa ba su tsira ba, amma wa zai tsaya duba wannan? Magana ta zaga unguwa cewa Zulaihatu na da kambun baka, abin da ta yaba ba ya kai labari. In na yi sallama a gida sai in ji ana rufe kwanuka. Ranar da aka yi sunan ɗan da Suwaibatu ta haifa, na miƙa hannu zan karɓi jariri, sai ta ja zane ta rufe masa fuska ta ce barci yake. Idonsa biyu, na gani. Na dawo gida na yi kuka mai isata, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina na fara yarda.

Baba Tsoho ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya. Na ce dama na san tsufa ya fara taɓa shi. Ya ce in na idar da sallar asuba in same shi gindin rumfata.

Gari na wayewa muka zauna. Furannin kabewa sun buɗe, manya, rawaya, raɓa na ɗiga daga ganye.

"Mi kike ji?" ya ce.

"Ba na jin komai, Baba."

"To shi ne ciwon. A Ruwan Godiya, war haka, in kin zauna gindin kabewa ba ki jin maganar na kusa da ke don gunjin zuma. Nan kau an sare itace an yi girki, an feshe waken bakin gari da magani tun yana hure. Wa zai zo?"

Ya jawo fure biyu ya nuna mini. Ɗaya a kan siririn tsinke yake, shi ne namiji. Ɗayan yana da ɗan ƙulli a gindinsa, ita ce macen, ƙullin nan shi ne 'yar kabewar. Ya ce in ba a ɗauko garin da ke cikin namijin an kai wa macen ba, a wannan safiya ɗaya kafin rana ta rufe ta, ƙullin zai yi kwana uku ko huɗu ya faɗi. Zuma ce ke wannan aike, tana neman abincinta, ba ta ma san tana yi ba. Na zauna baki buɗe. Na girma ina cin kabewa, ina cin zuma, ban taɓa sanin akwai abin da ya haɗa su ba.

Ya tsinko namiji, ya yaye masa ganye, ya goga kansa a cikin mace biyar, ya ɗaura wa kowace zare. "Nuna su," ya ce. "Da yatsa goma. Ki yabe su, ki ce sun hi na kowa." Na nuna, na yabe su. Biyar ɗin nan babu wadda ta faɗi. Cikin kwana goma kowace ta kai girman kan yaro.

Na ɗauka an gama. Ina! Na kira mata suka gani, suka ce ai tsoho ne ya yi tofi ya karya abin. Wata ma ta ce to ga shaida, da babu ciwo me ya kawo magani? Ranar na ga ran Baba Tsoho ya ɓaci. Washegari ya ɗauki lauje ya bi bakin rafi, ya dawo da damin gamba.

Kwana shida yana saƙa. Yatsun da nake ganin sun ƙage sai ga su suna gudu a cikin ciyawa. Ya kwance wani ƙullin tsumma da ya taho da shi tun daga gida, ashe tsohon kaki ne, ya turara amyar har gidan ya ɗauki ƙamshi. Ya jefa igiya a reshen tsamiyar da ke kangon bayan unguwa, ya ja ta sama. Ya sa na ajiye kasko da ruwa a gindin gwaiba, da tsakuwa a ciki don mai sha ta sami wurin tsayawa. Ya hana ni tsinke kan ɗoɗɗoya da riɗi, ya ce in bar su su yi fure. Sannan muka zauna jira. Sati shida amya na lilo babu kowa a ciki, ni kuma babu mai shigowa gidana ko aron ludayi.

Wata Talata da hantsi, dawa ta fitar da kai, na ji wani irin ruri daga gabas kamar ruwa na tahowa, alhali sama tas take. Kafin in fito rana ta dusashe. Na ɗaga kai na ga abin da ban taɓa gani ba: zuma ce, dubbai a kan dubbai, tana juyawa a sama kamar hayaƙin da ke da rai. Kaji suka shige ƙarƙashin rumfa. Na tsaya ina salati, tsigar jikina na tashi. Ta wuce tsamiyar ko kallonta ba ta yi ba, ta sauka a kan lemun tsamin gidan Suwaibatu, ta dunƙule a reshe guda har ya sunkuya, ta yi girman tulu.

Unguwa ta kaure da ihu. Mas'udu, mijin Suwaibatu, ya fito da damin kara da ashana. Sai ga Baba Tsoho ya sauko da amya daga tsamiya, ya saɓo ta a kafaɗa, yana sauri irin wanda na manta yana da shi.

"Mas'udu, aje wutar nan. Baƙi sun sauka gidanka, da wuta za ka tarbe su?"

Mas'udu ya ajiye. Mutane suka yi cirko-cirko a zaure da kan katanga. Tsohon ya tsoma tsintsiya a ruwa ya yayyafa wa dunƙulen, rurin ya lafa. Ya ce yana son wanda zai riƙe masa bakin amya a ƙarƙashin reshen. Maza suka hau kallon juna.

"Zulai, taho," ya ce. Ya juya wajen matan ya ɗaga murya. "Kun dai san zuma ba ta jituwa da mai mugun baki. In abin da kuke hwaɗi a kan ɗiyar nan gaskiya ne, yanzu kowa zai gani."

Tsohon nan ya ɗauki sunana ya ɗora a kan ƙuda! Amma in na ƙi, na yanke wa kaina hukunci. Na shiga gidan da rabona da shi tun ranar suna, na durƙusa na rungumi amya.

Ya kama reshen ya girgiza sau ɗaya. Nauyi ya faɗo mini, da ɗumi, kamar an juye ƙwaryar gero da aka shanya a rana. Rabi suka shige ciki, rabi suka malalo a hannuwana har gwiwar hannu. Ina jin ƙafafunsu, ina jin gunjinsu a cikin ƙashina. Baba Tsoho ya sa tafin hannu tsirara yana kwasar sauran a hankali, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba.

Sai guda ta maƙale a ƙarƙashin awarwarona. Na ji harbin kamar an soka mini allura mai zafi. Ihu ya taso har maƙogwarona, na haɗiye shi. Idon unguwa duka a kaina yake, ko ƙifta ido ban yi ba.

Can ya ɗago wata doguwa a kan yatsa, ya ce uwarsu ce, ya sa ta a bakin amya. Abin mamaki, duk na jikina suka juya suka bi ta a jere, babu mai ture wani, har hannuna ya koma fes. Wani dattijo a kan katanga ya yi kabbara. Mas'udu da kansa ya ja igiyar da aka mai da amyar kan tsamiya, kuma tana nan har yau, ta ma sami 'yan'uwa shida.

Da muka koma gida na ce, "Baba, da gaske zuma ta san mai mugun baki?"

"Zumar da ta baro gida cikinta cike yake, ba ta da saƙa ba ta da ɗiyan da za ta tsare. Ko wa ya riƙe amyar nan ba su kula shi. Allah shi gafarta mani, sun ƙi yarda da idonsu, na bi da su ta inda suka yarda."

"To ni dai guda ta harbe ni."

"Na gani," ya ce. Ya kama hannuna ya kankare ƙarin zumar da farce.

Kwana biyu bayan nan hannun ya kumbura suntum, na ɓoye shi cikin hijabi. Da sassafe na fito na tarar da tsohon a gindin rumfa, ya rufe ido, zuma na shige da fice a cikin furannin ƙarshen damina. Ban katse shi ba. Muna nan sai na ji sallamar Suwaibatu. Ta durƙusa ta gai da Baba Tsoho, ta juyo gare ni. Sai ta laluba cikin hijabina ta kamo hannun nan mai ciwo da hannu biyu, ta matse shi da ƙarfinta.

"Zulai, ki yahe mani."

Zafin ya kai mini har ƙwaƙwalwa, hawaye suka zubo mini. Ta ga ina kuka, ita ma ta fashe da kuka, ta ƙara matsewa. Na bar mata hannun har sai da ta gaji ta saki da kanta.