Koriyar Motar Yaya Balarabe

Shekara tara ke nan a wannan watan da muka kai Yaya Balarabe makwancinsa. Na ɗauka idan shekaru suka taru mutum yakan dusashe a zuciya, sai ga shi kullum ƙara fitowa yake yi. Makon jiya ina tsaye a bakin titi a Liwan, nan Guangzhou, wata mota mai lantarki ta wuce ta gabana ko tari ba ta yi ba. Na ce a raina, da Yaya na nan da ya ce wannan fatalwa ce. Shi a wurinsa mota sai ta yi magana an ji ta tun daga kwanar layi.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya sa ni a harkar kayan sawa. Tare muke zuwa China saro kaya, shi yana zaɓe yana ciniki, ni ina riƙe da waya, don bai taɓa yarda ya sa layin ƙasar ba. Ya ce mutum biyu ba sa bukatar waya biyu. Tun yana ma'aikacin masaƙa ya sayi wata 'yar ƙaramar mota koriya, mai doro irin na kunkuru, injinta a baya. A cikinta ya ɗauko 'yarsa Sadiya daga asibiti tana kwana biyu a duniya, a cikinta kuma yake kai Inna ƙauye duk Sallah, da buhun gero a kan cinyar wanda ya yi rashin sa'ar zama a baya, wato ni. Daga baya ta tsaya. Ta yi shekaru a garejin gidanmu na Fagge a kan bulo, kaji suna ƙwai a kujerar direba.

Ni garejin nake so. Dilolinmu sun yi yawa, ga ɗaki a banza kaji na mulki a ciki. Na yi ta yi masa naci har ya gaji ya ce to. Na shirya da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su zo su kwashe ta ranar wata Asabar da hantsi, lokacin muna China, don kada a yi a idonsa.

A wannan tafiyar ne wani mutumin Maraɗi da muke cin tuwo tare ya ce mana ya ji za a tara ƙananan motoci okaziyo, wato na hannu, a wani fili bayan gari, ranar Asabar, har daga ƙasashen waje. Yaya bai tambayi komai ba. A saninmu duk inda aka tara abu a Guangzhou kasuwa ce. Ya sa kalkuletarsa a aljihu, muka bar kasuwar Baima da kayanta, muka kama hanya.

Har yau idan na tuna filin nan sai in rasa ko da gaske na gan shi. An yi yayyafi da safe, hazo bai gama tashi daga kan kogi ba, ciyawa tana sheƙi. Ga motoci nan jere har inda ido ya tsaya, duk ƙanana, ja da rawaya da shuɗi da ruwan madara, kamar an zazzage kwalbar alawa a kan tabarma. Wasu an kawo su a tirela, wasu an ce ta teku suka zo. Tsofaffin Turawa da gajerun wanduna, 'yan Japan, 'yan Hong Kong, kowa da tsumma a hannu yana shafa tasa a hankali. Ba mai ihu, ba mai jan hannun riga. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ba kasuwa muka zo ba, amma mu Kanawa ne.

Can Yaya ya hango wata koriya, sak tasa. Wata tsohuwa 'yar China mai furfura tana zaune kusa da ita a kujerar roba, da farar safar hannu. Ya gaishe ta da 'yar nihau ɗinsa, wato sannun 'yan China, ya zagaya motar sau biyu yana taɓe baki kamar bai yaba ba, sannan ya danna lamba a kalkuleta ya miƙa mata. Ta duba, ta yi dariya, ta ce meyo, babu. Ya ƙara. Ta ce meyo. Sai ya yi abin da bai taɓa ba shi kunya a kasuwar Shisanhang ba: ya mai da kalkuleta aljihu, ya juya yana tafiya a hankali, yana jiran a kira shi. Na bi shi. Mun yi taku ashirin yana ce mini ƙasa-ƙasa kada in waiwaya, yanzu za ta kira. Da muka kai ƙarshen layi ya waiwaya da kansa, tsohuwa ta buɗe filas tana shan shayinta.

Sau uku ya koma. A na uku ne 'yarta, mai jin Turanci, ta tausaya mana. Ta ce duk filin nan babu motar sayarwa ko ɗaya. Wannan motar ta mahaifinta ce, ya rasu, duk shekara suke kawo ta ta ga 'yan uwanta, a tashe ta a ji muryarta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana cewa komai na da kuɗinsa, ga shi tsaye hannu a aljihu yana kallon ƙasa.

Tsohuwar ta buɗe masa ƙofa ta yi masa alama ya shiga. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna. Daidai lokacin aka busa wani abu daga can gaba, kowa ya tayar da tasa. Ƙarar ta taso a hankali, ta cika filin, tana bubbuga ƙirjin mutum, hayaƙi ya gauraya da hazo. Tsohuwar ta miƙa masa makulli. Bai duba komai ba, hannunsa ya san inda kowane abu yake. Da injin ya kama a bayansa sai ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Daga baya ya ce mini warin kujerar ma ɗaya ne, kuma ya rantse ya ji Inna a gefensa tana cewa ya rage gudu.

Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ce, "Habu, kira gida. Ka ce kada a taɓa ta."

Na duba agogo na ce yanzu ko asuba ba a yi a Kano ba, ya bari gari ya waye. Wannan gaskiya ce. Muka ci gaba da yawo, yana ta lissafin yadda zai nemo tsohon bakanikensa na Ƙofar Ruwa, ya sake mata fenti, ya kai Sadiya gidan miji a ciki. Bai taɓa yi mini surutu irin na ranar ba. Muka yi azahar a kan ciyawa bayan wata jar mota, ya tambaye ni ko na kira, na ce layi ba ya shiga. Ban gwada ba. Ina ta auna garejin a kaina, dila nawa zai ci, ina cewa zuwa gobe wannan shauƙin zai sake shi. Sai da aka kira magariba na danna lambar. A Kano rana ta yi sama. An ce tun ɗazu 'yan gwangwan suka zo, har sun sa mata wutar walda sun raba ta biyu don ta shiga kurarsu.

Da na gaya masa, sai ya ce haka Allah ya so, lokaci ne ya ƙure. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya bayan shekara biyu. Garejin ya zama sito. Bai taɓa shiga ba, daga bakin ƙofa yake tsayawa ya ce a fito da kaza.

Bana na sake zuwa taron ni kaɗai. Ya fi da girma, matasa sun cika shi, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Na nemi tsohuwar ban gan ta ba. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce da zamanin nan da muke saro rigar da ba ta kai Sallah biyu, a jefar a sayi wata, mu kuma muna murna don kasuwa ta buɗe. Ina jin zai yi tsaki, sannan ya tambayi nawa dozin. Haka yake, ban zo in mai da shi waliyyi ba.

Abin da ya bari ba yawa, amma yana nan. Yaransa na kasuwa har yau ba sa ɓoye wa mai saye aibin kaya, don shi ya hana. Sadiya kuma ta gado shi wajen riƙon abu, keken ɗinkin Inna yana ɗakinta, tana shafa masa mai duk wata. Ita ce duk shekara idan mun taru yi masa addu'a take tambayata, "Baffa, wai me ya sa Baba bai bar mini motar nan ba?" Ni kuma in ba ta amsar da ubanta ya ba ni, in ce lokaci ne ya ƙure. Na ga yadda take karɓar amsar, kamar tana ganin bai damu ba ne.

Sadiya, na san kina karanta wannan shafin. Babanki ya so ya bar miki ita, har ya zaɓi ranar da zai tuƙa ki a ciki. Ya ce in kira, ya kuma sake tambayata. Wayar tana aljihuna, layi yana shiga, ni ne ban kira ba. Allah ya jiƙan Yaya Balarabe, ya haskaka kabarinsa. Shi na makara wajen neman gafararsa, ke kuwa ina nan tafe ranar Juma'a, zan tsaya a zaure har sai kin ce in shigo.