Hanyar Jirgin Babanmu

Duk wanda ya tambaye ni sunan garinmu, sai na ɗan yi jim kafin in amsa, don na san abin da zai biyo baya. In na ce Tashar Jirgi, tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, sai ya ce, "Au, dama jirgin ƙasa na bi ta can?" In ce ba ya bi. "Ya daina ke nan?" In ce bai taɓa bi ba. Daga nan sai ya zuba mini ido, ni ma in zuba masa, don wallahi ban fi shi gane lamarin ba, ga shi kuwa a can aka yanke mini cibi.

Babanmu ne ya kafa garin. Yana matashi, yana fataucin wake a kan jaki daga Rawayau zuwa kasuwar Dutsin-Ma, wata rana ya tarar da masu awon ƙasa a wani fako, da na'urarsu mai ƙafa uku, suna kafa turakun siminti. Ya tambayi ɗaya daga cikinsu, mutumin ya ce aikin gwamnati ne. Iyakar abin da aka gaya masa ke nan, sauran shi ya ƙarasa da kansa. Ya ga turakun a jere suke sambal, ba su kauce wa tudu ba, ba su kauce wa kwari ba, alhali hanyar mota ga ta can tana ta karkace-karkace. To shi a saninsa abu ɗaya ne a duniya ba ya shan kwana, jirgin ƙasa. Kawuna har ya mutu yana cewa hanyar ruwa ce aka so jawowa daga dam. Innarmu ta ce ita ta ji an ce lantarki ne, amma ba wanda ya tambaye ta, sai ta ɗauki tukwanenta ta biyo miji.

Mai garin da ke kusa da wurin ya ba Baba fakon ba tare da wani ja-in-ja ba, tunda ko ƙaya da ƙyar take fitowa a wurin. Ya kafa rumfa, ya gina ɗaki ɗaya da rumbu, wai in jirgi ya zo waken da za a fara lodawa nasa ne. Aka yi masa dariya wata uku, sannan wani mai shayi ya zo ya kafa tebur kusa da shi, don kada abin ya zama gaskiya a bar shi a baya. Maƙeri ya biyo, mahauci ya biyo, matan Fulani suka fara sauke ƙwaryar nono a gindin tsamiya. 'Yan hatsi daga Karofi da Tamawa suka giggina ɗakunan ajiya suna jiran tarago. Da hatsi ya taru wuri ɗaya, sai manyan motoci suka fara ratsowa suna kwasa. Kafin in yi wayo an yi masallacin Juma'a da firamare, yanzu ga kemis uku, ga masu cajin waya, ga 'yan kabu-kabu sun fi a ƙirga. Duk abin da aka ce jirgi na kawowa ya zo, shi ne kawai bai zo ba. Na sha zama in yi ta juya wannan magana a raina, in rasa ko wauta ce ta gina mu ko hangen nesa.

Sai maganar fili. Tun garin yana gida bakwai, magidanta suka zauna a gindin tsamiyar nan don a san yawan wurin da za a bar wa jirgi. Ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinsu. Wani dattijo ya ce ya ji an ce yana ɗaukar shanun gari guda da gyaɗar shekara, iskarsa kuma tana kayar da katanga. Aka ce to, a bar masa taku ashirin dama da turaku, taku ashirin hagu, Baba ne ya taka da ƙafarsa. Haka garin ya tashi gida biyu, da fili fetal ya ratsa tsakiyarsa, kowace ƙofa tana kallonsa. Ba a gini a ciki, ba a shuka, ba a ɗaure dabba ta kwana. Muna yara in an aike mu ƙetare, sai iyayenmu mata su ce, "Ku duba kafin ku tsallaka." Mu kuwa mu duba dama, mu duba hagu, mu sheƙa a guje. Ina koyarwa a Dutsin-Ma shekara da shekaru yanzu, da furfurata, amma in na zo tsallake filin nan sai na kama kaina ina waige.

Abin ya tashi daga abin dariya lokacin da Yaya ta dawo gida. Ita ce babbarmu, mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune a wani ƙauye ta yamma da 'ya'yanta biyar. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, ƙauyen ya watse, ta iso da abin da kai zai iya ɗauka. Aka cusa su ɗakin Inna, manyan biyu suna kwana a zaure, zauren kuma in aka yi yayyafi sai an tara kwanuka. Ga damina ta ƙarato, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Gidanmu shi ne na farko a garin, maƙwabta sun kewaye shi baya da gefe, ba inda za a ƙara ko kejin kaji sai gaba. Gaba kuwa hanyar jirgi ce.

Ban yi shawara da kowa ba, na sa aka sauke bulo a ƙofar gida, na yi magana da magini. Ranar Asabar na iso da shi, muka tarar Baba ya shimfiɗa buzunsa a kan bulon yana zaune, sanda a gicciye bisa cinya.

"Baba, barka da hantsi. A ɗan matsa mana za mu ja igiya."

"Igiyar mi?"

"Ɗakin Yaya."

"A bisa hanya? Kai da ka yi boko, a makarantar taku haka aka ce a tare hanya?"

Ni mutum ne mai saurin hawa, Allah ya sani, kuma ranar na hau. Na ce wace hanya, ina jirgin, yau shekara nawa? Na ce jikokinsa za su kwana a cikin ruwa saboda wani ƙarfe da ko ƙararsa ba a taɓa ji ba. Magini ya naɗe igiyarsa ya sulale. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce kwanan nan ya ji a rediyo ana shimfiɗa sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ashe abin ya taso. Ya ce shi ya jawo mutanen garin nan, shi ya hana kowa taɓa filin, har ya taɓa rushe wa amininsa bayan gida don ya shigo da taku ɗaya. "In ni na hwara ginawa, da wane ido zan dube su?" Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin tausayin.

Litinin na tafi wani ofishi a Dutsin-Ma inda ake harkar filaye, da niyyar in samo takarda ɗaya da za ta kashe maganar. Mutane ne masu kirki, sun ba ni kujera. Na farko ya ce irin turakun nan na masu zana taswira ne, ba su nufin komai. Na biyu ya ce a'a, burtali ake shatawa da su. Na ukun, wani dattijo da ya kusa ajiye aiki, ya ce sabon dogon ta Daura da Katsina zai bi, bai shafe mu ba, amma fa shi ma yana yaro ya taɓa jin an ce akwai wani tsohon tsari da zai ratso ta wajenmu, bai dai ga takardar ba. Na shiga da tabbacin Baba ya yi kuskure, na fito ban san ma abin da na sani ba. A kan babur ina ta faɗa ni kaɗai har gida.

Yaya ce ta yi tambayar da duk tsawon shekarun nan ba wanda ya yi. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wai ni Baba ya taɓa ganin jirgin nan ma kuwa?" Na je na tambaye shi, ya ce bai taɓa ba, fataucinsa bai wuce Katsina ba, kuma mi zai kai shi neman abin da zai zo har ƙofar gida? Na nuna masa hoton jirgi a waya, ya kanne ido ya ture hannuna, ya ce a cikin wannan abin ai raƙumi ma bai kai ƙwaro ba.

Sai na ɗauki shatar mota, muka tafi Funtuwa, inda tsohon dogo yake. Ya sa babbar rigarsa ta Idi da hular da yake ajiyewa a cikin kwano. Tun daga Malumfashi yake tambayar direba ko mun kusa.

Ba mu ga jirgi ba. Mun tarar da ƙarfe biyu sun yi tsatsa suna kwance cikin ciyawa, awaki na kiwo a tsakani, wata mata ta shanya barkono a gefe, rumfuna sun matso har ana iya miƙo hannu a taɓa dogon. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina sauran?" Na ce babu saura, shi ke nan. Ya tattare riga ya taka ƙarfe ɗaya, ya miƙa ƙafa, sai ga ta a kan ɗayan. Bai yarda ba, ya duƙa da ƙyar ya kwantar da sandarsa a tsakani, sandar ta haye har da rara.

"Wannan ne duka? Ai jakina da mangala ya hi shi hwaɗi."

Dariya ta taso mini, na ga fuskarsa, ta koma. Taku arba'in, shekara da shekaru, da aminin da ya mutu ba sa ga-maciji. Amma ba zan ɓoye ba, a ƙasan raina murna nake, na ce ɗakin Yaya ya samu.

Sai ga wani tsoho da ke sayar da rake a wurin ya matso, ya ce shi a reluwe ya yi aiki har ya gama. Na yi ta yi masa ido, ina, bakinsa ya riga ya buɗe. Ya ce, "Alhaji, kada ƙarfen ya ruɗe ka. Da can da jirgi ke zuwa, wa ya isa ya matso haka? Fili ake bari mai yawa kowane gefe, sai ka yi tafiya kafin ka kai gini." Na ji kamar in kwashe rakensa in watsar. Ashe mutanen gindin tsamiya, da ba su taɓa ganin jirgi ba, ba su yi nisa da daidai ba. Baba ya gyaɗa kai ya yi masa godiya. Har muka iso gida na rasa wanda ya yi nasara a cikinmu. Da la'asar ɗin aka yi ruwan farko, muka tarar Yaya da yaranta suna kwashe tabarmi daga zaure.

Washegari bayan an fito masallaci ya ce in kirawo magini. Ya fita filin da sandarsa, maƙwabta suka fara taruwa. Ya je gindin turken da ke ƙofarmu, wanda duk ya zaizaye, ya yi taku ɗaya dama ya ja layi a ƙasa, ya dawo ya yi taku ɗaya hagu ya ja wani.

"Daga nan zuwa gida, ku gina wa ɗiyata."

Na ce, don ni bakina ba ya iya shiru, "Baba, ka ji fa abin da mai raken nan ya ce."

"Na ji, ba kurma ne ni ba. Na jira shi da hwaɗi bai zo ba. In ya zo yanzu, sai shi matse."

Kwana goma sha biyu aka yi rufi, Yaya ta shiga ɗakinta ruwa na sauka a kan sabon kwano. Kafin kaka kowa ya ja igiya a ƙofar gidansa, yawanci don 'yan'uwan da suka gudo kamar Yaya. Amma ba wanda ya haye layin Baba, ko mutum ɗaya, ba tare da an yi taro ko an kafa doka ba. Filin nan ya koma lungu mai taku biyu, miƙaƙƙe sambal daga wannan bakin gari zuwa wancan, kuma har yau sunansa hanyar jirgi. Baƙo in ya ji sai ya yi dariya, ni kuma ba ni da bayanin da zan yi masa.

Baba ya ƙara damina biyu. Kullum da hantsi yana zaune a bakin lungun, jikokinsa na tsallake ƙafafunsa. Ban taɓa tambayarsa ko har lokacin yana jira ba, tsoro nake ji kada ya ce i, tsoro nake ji kada ya ce a'a. Ranar da ya rasu, da aka gama sallah, wasu suka ce a zagaya ta bakin titi zuwa maƙabarta, lungun ya yi ƙunci. Na ce ta nan za a bi. Ina gaba ta dama, kafaɗata na ta gogar bulon ɗakin Yaya, ina jin kukanta ta taga. Makarar ta wuce daga farkon lungun har ƙarshensa, ba ta taɓa bango ba.