Ranar da Igiyar Akuyata Ta Je Karatu

A bakin kogi ranar akwai malamar 'yan aji huɗu, 'yar Filato mai takalmin roba, da ɗalibanta har da jikata, da wani masunci da ya tsaya kallo, sai ni da na zo neman igiyata. Akuyar ce kaɗai ba ta halarta ba, tana da wata sabga.

Damina ce, ruwa ya cika fadama, kuma kowa a Haɗeja ya san dabbar da aka kama a gona ba ta dawowa da arha. Akuyar nan ita kaɗai gare ni, ga ta da ciki. Da hantsi na leƙa, na ga turke tsirara. Ashe jikata ce ta kwance igiyar, wai malama ta ce za a yi karatun igiyar ruwa, kowa ya zo da igiya.

Na tarar da yara biyu sun riƙe tawa baki da baki suna kaɗawa, tana tafiya kamar maciji. Malama na cewa haka ruwa yake yi in kwalekwale ya wuce. Kogin kuwa yana bayanta yana yin nasa, ba wanda ya waiga. A gefe an cika daro da kwaɗi da katantanwa da 'yan tarwaɗa.

"Mama, sannu da zuwa! Zauna ki gani. Kowace halitta da abincinta, ba wadda aka yi a banza."

"Malama, wadda ke ƙarshen igiyar nan fa, me kuka tanadar mata?"

Masunci ya yi nuni da leɓe. "Iya, ga ta can cikin irin shinkafar maƙwabcinki. Ta fi yaran saurin ganewa."

Mai shinkafa ya riga ni isa. Ya kama ta, ya ce mu haɗu gaban mai unguwa. Malama ta ce ita igiyar shanya take nufi. Jikata ta ce, "Kaka, ta shanya ai da zaninki a kai."

Washegari kafin a kaɗa ƙararrawa ina ƙofar aji. Na ce wa malama akwai sauran karatu. Na tasa ta gaba, ita da yaranta, har fadama, na tsaya a kan kunya suna dasa abin da aka tumɓuke, taɓo har gwiwa. Mai shinkafa ya dubi gonarsa, ya dube ni, ya je ya kwanto mini akuyata.